Hikimar da Ke Cikin Shirme

Duk wanda ya saba bin titin Zariya bayan sallar isha'i, ya taso daga mahaɗar Dangi ya gangara Gyadi-Gyadi, ko kuwa ya karkata cikin lungunan Tarauni inda masu shayi da masu tsire ke kafa teburansu, ba zai rasa lura da wata al'ada da mutane suka riƙa ba, wadda yawan ganinta ya sa aka daina mamakinta. Muddin labarai ake karantawa a akwatin talabijin ɗin da mai shayi ya ɗora bisa kanta, to kowa harkar gabansa yake yi, wannan na jayayya kan kuɗin mai, wancan na neman a ƙara masa madara. Amma da zarar an sako wasan ban dariya, wani ya fito da rawani ya fi ƙarfin kansa yana magana irin wadda mai hankali ba zai yi ba, sai ka ga direban a-daidaita-sahu ya kashe injinsa, ɗalibi ya kife littafinsa, har dattijon da ke gefe yana jan carbi, wanda bakinsa ke faɗin wannan ai shirme ne, ya gyara zama don kada kan wani ya tare masa.

Dattijon ya yi gaskiya, shirme ne. Sai dai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, me ya sa mutanen da wahalar neman abinci ta cinye musu yini, waɗanda ba su da lokacin ɓatawa, suke ba shirme irin wannan muhallin da ba su ba wa jawabin manya ba? Ni dai abin da na fahimta shi ne, shirmen da ya amsa sunansa yana da nasa mantiƙin, kuma sau da yawa shi kaɗai ne ke iya bayyana wata gaskiya wadda kowa ya sani, kowa kuma yake jin nauyin furtawa.

Ya kamata a fara bambanta irin wasan da ake magana a kai da sauran wasannin kwaikwayo. Ba dogon labari ba ne mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda za a bi jarumi mako-mako ana jiran a ga makomarsa. Guntun wasa ne na minti biyar ko goma, wanda aka gina bisa zance guda mustahili, sa'an nan 'yan wasan su riƙe shi da fuskar gaske, ba mai murmushi a cikinsu, su bi shi daki-daki har inda ya ƙure. A ɗauki misali, wanda duk mai ɗan'uwa ɗan fansho zai gane asalinsa. Wani tsoho ya zo ofis da fayil a hammata, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce sunana ya fita daga takarda." Akawu ya buɗe babban littafi, ya bi layi da yatsa, ya ɗago da tausayi ya ce, "Allah Sarki, Baba, ai ka rasu tun bara. Allah ya jiƙanka." Tsoho ya ce, "Yallaɓai, ga ni a gabanka." Akawu ya ce shi ma yana ganinsa, amma gani ba hujja ba ne a aikin gwamnati, sai ya kawo shaidar cewa yana raye, kuma ƙa'ida ta ce mai rai kaɗai ake ba wa wannan shaida, shi kuwa littafi ya tabbatar ba ya cikinsu. Daga nan sai masinja ya shigo ya yi wa tsohon ta'aziyyar kansa, a yi fatiha, shi ma tsohon ya ɗaga hannu ya shafa, don kada a ce ba shi da ladabi. Kafin ya fita kuma akawu ya tambaye shi ko magadansa sun shirya ɗan abin goro, don a gaggauta fitar da haƙƙin mamaci.

Babu ofishin da aka taɓa yi wa rayayye ta'aziyya, amma babu ɗaya daga cikin masu kallo da bai taɓa tsayawa gaban wani tebur ba inda takarda ta fi mutum daraja, aka ce ya je ya dawo gobe, goben kuma ta ƙi zuwa. Abin da ɗan wasa ya yi kurum shi ne ya ɗauki ƙa'idar da ake aiki da ita kullum, ya ƙi sassauta mata, ya ja ta zuwa matuƙarta. Malaman mantiƙi sun san wannan hanya tun da daɗewa: idan kana son rushe da'awar abokin muhawara, sai ka sallama masa muƙaddimarsa, ka bi ta da shi sannu a hankali har ta haifar da natijar da shi kansa ba zai yarda da ita ba. Dariyar da ke ɓarkewa a teburin mai shayi dariyar ganewa ce, ta mutumin da ya daɗe yana zargin cewa wani abu ya karkace a tsarin da yake rayuwa a ciki, yau kuma aka nuna masa karkatar ƙarara, ya kuma waiga ya ga na kusa da shi ma ya gane. A cikin wannan waigen akwai sauƙi mai yawa, domin wulaƙancin da mutum ya sha shi kaɗai ciwo ne, wanda kuwa aka taru aka yi wa dariya ya rage nauyi.

Wannan fanni ba na wata al'umma ɗaya ba ne. A Ingila, tsakanin 1969 da 1974, gidan talabijin na BBC ya nuna shirin Monty Python's Flying Circus, wanda har yau ake buga misali da shi. Mafi shahara a cikin guntayensa shi ne na mutumin da ya mayar da aku kantin da ya saya domin ya tarar matacce ne, mai kanti kuwa ya dage cewa tsuntsun hutawa kawai yake yi, yana ta kawo uzuri bayan uzuri alhali gawa na kwance a gabansu. Bakano bai buƙatar tafinta kafin ya gane wannan, domin ya san ɗan kasuwar da zai rantse cewa rediyon da ba ya magana lafiyarsa ƙalau, kunnen mai saye ne ke da matsala. Haka kuma Mista Bin, wanda Rowan Atkinson ya fara fitowa da shi a 1990, ya shiga gidajen Kano ba tare da ya furta kalmomi masu yawa ba.

Amma kuskure ne babba a zaci cewa talabijin ce ta kawo mana wannan ɗabi'a. Ta zo ta tarar da ita da gemunta. Yaran da ke fita tashe idan azumi ya kai kwana goma, ɗaya ya manna gemun auduga ya dogara sanda yana tafiyar tsofaffi, wani ya yi shigar mai magani yana lissafa cututtukan da garinsa ke warkarwa, 'yan mata su yi miji da mata suna kwaikwayon zaman aure, me suke yi in ba guntayen wasannin zambo ba, ƙofa-ƙofa? A birnin Kano har sarauta aka yi wa abin, ta Nalako sarkin gwagware, mai zagayawa cikin watan yana tsokanar waɗanda suka zauna ba aure. Ga kuma 'yan kama, waɗanda ke zama irin zaman malamai, su ɗauko muryar mai wa'azi da nutsuwarsa, amma duk mas'alar da za su warware ta tuwo ce da miya da nama. Nutsuwar nan ita ce ke sa dariya, domin da sun yi murmushi da abin ya lalace. Masana adabin Hausa sun ba da labarin wasan gauta, inda matan fada ke shiga kayan sarki da na hakimansa, su kwaikwayi maganar kowa da tafiyarsa da halinsa, sarki na kallo, ya ga a cikin wasa abin da ba wanda zai tunkare shi da shi a zaman fada. A Damagaram kuma akwai wasan kara, inda samari ke kwaikwayon masu mulki. Fada ma da kanta ta tanadi wawan sarki, mutumin da aka ɗauke wa alƙalami don ya faɗi abin da waziri zai yi kwana uku yana neman hanyar faɗa.

Dalilin yalwar waɗannan al'adu a wurinmu, a ganina, yana komawa ga kunya. Al'ummar da ta hana yaro kallon idon babba, ta hana talaka musa wa basarake, ta hana mace ambaton sunan mijinta, dole ta buɗe wata ƙofa ta gefe wadda magana za ta bi, in ba haka ba zukata su cika su fashe. Habaici da gugar zana da shaguɓe duk ƙofofi ne irin wannan, shirme kuwa shi ne mafi faɗinsu, saboda yana ba kowa mafita: mai faɗa ya ce wasa nake yi, wanda aka nufa ya yi dariya tare da jama'a kamar ba da shi ake ba, saƙo ya isa, mutuncin kowa kuma bai zube ba. Ko a zauren karatu abin bai zama baƙo ba, domin Muƙamatul Hariri, wanda manyan almajirai ke karantawa a Kano don ƙwarewa a lugga, labarin wani ɗan duniya ne, Abu Zaidi, mai sauya kama gari-gari yana yaudarar mutane da fasahar harshe. Da Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja a farkon shekarun 1930, ramuwar gayyar da ya shirya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe daga wannan rijiya ta sha. Malam Aminu Kano ma, tun yana matashi, da wasan kwaikwayo ya fara sukar zalunci da ha'inci kafin ya hau dandalin siyasa.

Da talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, sa'an nan tashoshi suka yaɗu cikin shekarun 1970, sai waɗannan gwanaye suka sami sabuwar farfajiya. Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, Banufe ɗan gidan sarauta kuma tsohon soja, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023. A zamanin da kaki ke mulkin ƙasa, a lokacin da ganin soja a bakin hanya ke sa farar hula ya sauya lungu, shi wannan bawan Allah ya fito a talabijin ɗin gwamnati da gashin baki da tsawa da Hausar bariki gauraye da ɓarin Turanci, yana ɗauko dokar fareti ya shigo da ita tsakar gida da kasuwa, inda ba ta da muhalli. Mutane suka ga cewa abin da suke tsoro mutum ne kamarsu, mai mata da bashi da kuskure, sojojin kansu kuma suka ƙaunace shi, domin bai wulaƙanta su ba, ya dai nuna su. Wannan ma'auni ne mai wuyar riƙewa, shi kuwa ya riƙe shi shekaru masu yawa. A gefensa akwai Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da shirinsa na Karambana. Jos ta ba da Karkuzu na Bodara, Sakkwato ta ba da Golobo, a hayin iyaka kuma Nijar ta ba da Yazi Dogo.

Kano ta sami nata gidan talabijin na jiha, CTV, a farkon shekarun 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda yau ake kira ARTV da sunansa, kuma tsakaninsa da tashar NTA ta Kano aka raini ƙungiyoyin wasa waɗanda daga baya suka haifi sana'ar fim, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Dattawa na tuna shirin Kuliya Manta Sabo, wanda aka gina bisa zaman kotu. Kuma wanda ya taɓa wucewa ta titin Kotu a Gyadi-Gyadi da hantsi, ya ga masu ƙara da masu beli da 'yan rakiya zaune a inuwa kowa na maimaita hujjarsa, zai gane dalilin da ya sa zauren alƙali ya zama taska ga mai wasa, domin a nan ne ɗan Adam ke rantsuwa da iyakar gaskiyarsa a kan akuya ko tukunya.

Sai kuma Rabilu Musa Ɗanlasan, Ibro, wanda ya bar aikin gandiroba ya rungumi wasa, ya zama sunan da ba gidan da bai shiga ba har rasuwarsa a watan Disamba na 2014. Finafinansa a kaset da faifai suka fara yawo kafin tashoshi su riƙa maimaita su, kuma in aka duba da kyau, mafi yawansu guntayen wasanni ne aka jera, labarin da ya haɗa su siriri ne ƙwarai. Baiwarsa ita ce saurin cafke abin da gari ke ciki. Duk abin da ya shigo, waƙar da ta yi tashe ko mutumin da duniya ke magana a kansa ko sabuwar sana'a, kafin ya huce Ibro ya sa rigarsa ya fito, ya nuna yadda abin zai kasance in ya faɗa hannun talaka mai wayon da bai kai ba. Wannan talaka, mai ƙaryar arziki da cika baki da gudu in ta yi zafi, kowa ya san shi, wani lokaci ma a cikin rigarsa yake samunsa. Masu ilimin boko da yawa sun raina shi yana raye, suna cewa wasan 'yan tasha ne. Ni kuwa ina ganin wanda ke son sanin abin da ya dami mutanen Kano a waɗannan shekaru, da abin da suka yi sha'awa da abin da suka ji tsoro, zai same shi a wasannin Ibro fiye da yadda zai same shi a jaridu.

Ba a rasa masu inkari ba, kuma bai dace a yi watsi da hujjarsu ba. Malamai na tunatarwa cewa Alƙur'ani, a cikin Suratul Hujurati, ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ya hana jifa da miyagun laƙabobi, kuma cewa yawan dariya na kashe zuciya. Su dai malaman sun san cewa Imamu Tirmizi ya keɓe babi a cikin Shama'il kan rahar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ke nuna ba raha aka hana ba, ƙarya da cin zarafi aka hana. Wannan taƙaddama ba a Kano kaɗai ake yinta ba: a Saudiyya, shirin Tash ma Tash, wanda aka riƙa nunawa cikin Ramadan daga 1993 zuwa 2011, ya yi shekaru yana zambo kan jinkirin ofisoshi da tsananin wasu al'adu, jama'a na rububinsa, wasu malamai na fatawa a kansa. A nan gida, bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, Ibro da kansa ya shiga gidan yari a 2008 saboda fim ɗin Ibro Aloko, wato ya koma a matsayin fursuna irin gidan da ya taɓa yi wa gadi.

Inda nake tare da masu inkari ɗari bisa ɗari shi ne wajen wanda ake yi wa dariya. Akwai bambanci mai girma tsakanin a yi wa hali dariya da a yi wa halitta. Akawun da ya fifita littafi bisa mutum ya zaɓi halinsa, yana kuma iya barinsa gobe. Amma kurma da makaho da mai in'ina da wada ba su zaɓi komai ba, kuma duk wasan da ya mai da su abin nishaɗi ya sauka daga matsayin hikima zuwa zalunci, ko da an cika gidan kallo da shewa. Haka nan yadda aka mai da Bagware da Bafulatanin daji da baƙauye wawaye na dindindin a finafinai da yawa. Za a ce ai barkwanci ne irin na gado. To, barkwancin gado yana da sharuɗɗa: tsakanin Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, ko jika da kaka, kowa na da haƙƙin ramawa, kuma fuska da fuska ake yi. Wanda aka kwaikwaya a talabijin, yana zaune a ƙauyensu yaransa na kallo, ba shi da hanyar mayar da martani. Malalacin marubuci ne ke fakewa da karin harshen wani, saboda lura da halin masu iko da gano inda ya karkace aiki ne mai wuya, mai hatsari kuma.

Hatsarin kuwa bai ragu ba. Ofisoshin 'yan fim na nan cike a titin gidan Zu, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna da shirin Gidan Badamasi cewa har yanzu iyali na taruwa don dariya, amma guntun wasa na zambo ya fi yawa yanzu a wayar hannu, irin wadda ake saye a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, inda saurayi da abokinsa ke shirya abin minti ɗaya ya zaga duniya kafin asuba. Waɗannan samari sun gaji aikin wawan sarki, amma ba su gaji kariyarsa ba. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani wasa da suka ɗora a TikTok wanda aka ce ya ɓata sunan gwamnan lokacin. Ba na cewa duk abin da matashi ya ɗora daidai ne, domin ƙazafi ƙazafi ne ko da an sa masa rigar wasa, kuma da yawansu ba su koyi fasahar habaici ba, wadda ke isar da saƙo ba tare da kama suna ba. Amma abin da na fi jin tsoro shi ne darasin da sauran za su ɗauka daga irin wannan hukunci, wato cewa taɓa mai iko na jawo bulala, taɓa kurma da baƙauye kuwa ba ya jawo komai. Kuma idan haka ta tabbata a zukatansu, za su bar akawu da littafinsa su koma kan tsohon da ya zo neman haƙƙinsa.